Sakhanar Gali

Gali, Isma'il, ku zauna. Ni Hajjo na haife ku, yau kuma ba mai katse ni. Zan ba ku labarin gidan nan kamar baƙi ne ku a cikinsa.

Da sanyin bana ya sauka a Riyad, Gali ya dawo daga wurin gini da sakhana a kafaɗa, hitar gas ɗin nan marar tanki, wadda ba ta kama wuta sai ruwa ya bi ta cikinta da ƙarfi. Ya kafa ta a ɗakin matarsa Zaituna, mai jegon kwana tara. Ruwa ya sauko daga tankin kan soro, ya yi zafi, ya zaga bangon ɗakuna cikin bututu, ya faɗa duro a tsakar gida. Ƙananan tagogin da maginan unguwarmu ta Shumaisi ke bari a saman bango kuwa, ya cusa musu buhun siminti.

Kwana biyu ɗaki kamar tanda. Zaituna ta tashi da nauyin kai, aka ce jego ne. Jaririya Turai ta daina kuka, ko nono sai an tashe ta.

"Kin gani, Inna? Har ita ta san daɗi," in ji Gali.

Na ce ya buɗe tagogin, ko ya fitar da abin waje.

"Wannan ba murhun gawayi ba ne, Inna. Aikin injiniyoyi ne."

Rana ta uku sakhana ta ƙi kamawa. Gali ya canza tukunyar gas. Shiru. Ya kwance rariyar ruwa, ya zazzage yashi ɗan kaɗan, ya mayar. Shiru. Ya soke kan wutar da allura, ya busa, ya zage ta da Larabci. Ruwa dai na zuwa siriri kamar fitsarin akuya.

Ya ɗauko Maiwada mai gyaran famfo daga unguwar Batha. Maiwada ya ce a duba tanki.

To, a unguwar nan namiji ba ya hawa soro kai tsaye. Soro na mata ne, nan muke shanya, nan muke hira da maƙwabta ta kan katanga. Sai ya tsaya a gindin matakala ya yi sallama da ƙarfi, ya jira a yafa mayafi, a ce ya hau. Suka yi sallama, suka jira, na ce su hau. Tanki cike, famfonsa a buɗe har ƙarshe. Suka sauko, sakhana ta kama, fuu!

Maiwada bai kai bakin titi ba ta mutu.

Sau uku ana haka. A na ukun Maiwada ya tattara kayansa ya ce, "Wallahi ya Gali, injinka lafiyarsa ƙalau. Hannu ne a gidan nan."

Gali ya duba gida, idonsa ya tsaya kan ƙanensa. Isma'il ɗalibi ne, yini yake a ɗaki da littattafai, kuma ɗakinsa kaɗai bututu bai bi ba. Hassada, in ji Gali. Isma'il ya rantse, ya ɗauko Alƙur'ani, Gali ya ce ya ajiye. Ya ba shi zuwa Juma'a ya kwashe kayansa, a cikin sanyin nan, alhali ɗakunan jami'a sun cika.

Ana cikin haka Zaituna ta koma bargo biyu, kanta ya sake. Turai ta dawo da kukanta, har maƙwabta na ƙorafi. Ba wanda ya tsaya ya haɗa wannan da wancan. Injiniyoyi!

Shekara talatin ina girki da gawayi a ɗakin haya. Na san barcin da ba na daɗi ba, wanda wuta ke sawa a rufaffen ɗaki. A Makka na wanke yara biyu na wata maƙwabciya da irinsa ya ɗauke.

Gobe Juma'a. Ku raba gardamar nan yau, a gabana, kafin la'asar. Gali, ka ba ƙanenka haƙuri, ka cire buhunan nan, ka fitar da sakhanarka tsakar gida. In ka ƙi, ka kori wanda ya dace: duk sallamar da kuka yi a gindin matakala, ba mayafi nake nema ba, famfon da na murɗe nake buɗewa, kuma kuna sauka nake sake murɗe shi.