Duniya Mai Rana Biyu

Wata rana ina yaro na gudu daga makarantar yamma, na nufi gidan tela Bayarabe, shi kaɗai ke da talabijin a unguwarmu a Kankia. Sauran yara shirin kokawa suke jira, ni kuwa shirin jirgin nan mai yawo cikin taurari ya kawo ni. Sai ga kakana Malam, da bulala a hannu!

Daidai lokacin jirgin ya sauka a wata duniya mai rana biyu. Malam ya tsaya cak.

"Kai, ɗan nan! In azumi ya riske su can, wacce za ta faɗi su sha ruwa?"

Ya zauna kusa da ni, muka kalla har ƙarshe.

Yau in jikokina suka ga shirin, dariya suke, wai jirgin kwali ne. To, kwalin nan ya mantar da Malam bulalarsa.