Rigar da Mama Ta Roƙa

"Shuɗiya, mai dogon hannu," Dorota ta gaya wa mai kanti a Chicago, bakinta har kunne. Tunda ta bar Poland, amsar mahaifiyarta ɗaya ce: "Ba na bukatar komai." Sai bana ta roƙi riga.

Da Dorota ta kai mata ƙauyensu, tsohuwar ta shafa rigar, ta ninke, ta ajiye a akwati kusa da sababbin takalma da carbinta.

"Haba Mama! Tun daga Amurka fa, ko gwadawa ba za ki yi ba?"

"Ke za ki sa mini, 'yata." Ta rufe akwatin a hankali. "Likita ya ce ba zan kai bikin Ista ba. Ina so a binne ni cikin abin da hannunki ya zaɓa."