Jinin da Bai Dace Ba

Saratu ta sake gwajin, sakamakon bai canza ba. Jinin babanta Markus rukunin O ne, nata kuwa AB. A ajin ilimin halittu na sabuwar jami'ar Yamai an faɗa musu ƙarara: mai O ba ya haihuwar mai AB.

Da wasa ta soki yatsansa da safe, don ya ga abin da suke koya. Yanzu ga ta tana ƙetare gada daga Harobanda, unguwar jami'ar, za ta gida, kwalaben gwaji a jaka.

Ta iske uwarta Jummai, tsohuwar ungozoma, tana tsinke zogale a tsakar gida.

"Inna, wane ne ubana? Jini ya nuna ba Baba ba ne."

Jummai ba ta razana ba. Ta ture tasar, ta tashi ta rufe ƙofar gida, ta dawo ta miƙa yatsa.

"Gwada nawa."

Saratu ta soka, ta ɗiga maganin, ta jira. Rukunin O. Ita ma.

"Inna... wannan ba zai yiwu ba."

"Ban taɓa cin amanar babanki ba," in ji Jummai, murya ƙasa-ƙasa. "Tawa jaririyar ba ta zo da rai ba. Wadda na ci amanarta wata mata ce da na karɓi haihuwarta a ranar. Na ɗauke ki, na ajiye mata tawa. Har yau tana zaton ke ta binne."