Teburin Ƙetaren Rafi

"Ba wanda ya nemi gada," in ji jami'in gunduma ta lasifika, yana naɗe taswirar sabuwar hanyar yawo ta bakin rafi. "Duwatsun takawa sun wadatar."

Tsohuwar tana ji daga wannan gaɓa. Teburin jin ra'ayin kuwa can ƙetare aka kafa shi.

Ta ɗaga mijinta daga keken guragu, ta goya shi, ta shiga ruwan sanyi har gwiwa. Ma'aikatan da ke kurɓar shayin sha'ir a teburin suka ajiye kofunansu.

"Kaka, ai da kin..." in ji jami'in.

"Buɗe taswirar, yaro."

Ta sauke mijin gabansa, ta nuna inda ta fito. Masu kekunan guragu da sanduna sun yi layi, suna jira.

"Na kawo nawa. Sauran kai za ka goyo."