Sunan da Ba a Taɓa Kira Ba

Ke da kike cewa a ƙyale yaro, zai yi magana in lokacinsa ya yi, saurari wannan. An yi wata mata a wani gidan gona can bayan gari, ta haifi ɗan fari, aka kuma sa masa sunan surukinta. Kunya ta zama biyu ke nan. Ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, ko tuwo za ta ba shi sai ta tura masa kwano tana duban gefe. Ba ƙi ba ne, tana son yaron nan kamar ranta, haka dai ta ga uwarta ta yi mata. Abin da ta manta shi ne ita a hannun kakanni ta tashi, ana tsokanarta, ana yi mata waƙa. Shi kuwa kakanninsa sun rasu tun yana goye, ubansa kullum yana ci-rani. Yaro ya shekara huɗu bai ce ko "ruwa" ba, duk wanda ya shigo gidan da hannu yake yafito shi. Da abin ya dame ta, ta kai shi asibiti. Malamar asibiti ta duba shi ta ce kunnensa ƙalau, ta riƙa zaunar da shi gabanta, ta kira sunansa, ta nuna masa ludayi ta ce ludayi, akuya ta ce akuya, sannan ta yi shiru ta ba shi lokaci. Ta gwada ranar farko, sai wata maƙwabciya ta leƙo ta saman danga tana dariya ta ce, "Yau kuma da ɗan fari ake hira? Lallai zamani ya zo." Kunya ta rufe ta, ta ce a ranta sai bayan kaka za ta fara.

Kaka ba ta zo ba. Wata rana da marka tana tsinkar rama a bayan gida, ta ɗago kai ta hango shi ya bi ɗan akuya zuwa rafi, ga rafi ya kawo. Nan kunya ta gudu, ta ƙwala masa kira da sunansa na yanka, har sau uku. Ya ji sarai, amma bai san sunan nasa ba ne, muryar uwarsa kuma ya saba da wasu take magana. Bai waiwayo ba. Kafin ta kai gaɓa ruwa ya tafi da shi, sai washegari aka tsamo shi a cikin kainuwa. Abin tausayi, yanzu tana daka tana kiran sunan nan, tana shara tana kira, babu kuma wanda ke yi mata dariya. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.