Mai Maganin Dabbobi da Kiɗan Jira

Tunda ka ce za ka mai da wayoyin shagonka na intanet, ɗan'uwa, gyara zama ka ji wannan kafin ka kira mai haɗawa.

An yi wani mai sayar da maganin dabbobi a bakin kara, wato kasuwar shanu, wanda makiyaya suka yarda da shi ƙwarai. Da kira ya yi masa yawa, sai ya sa aka haɗa masa wayar intanet, irin wadda in kana magana da wani, mai kira na biyu zai tsaya a layi ya jira. Mai haɗawa ya tambaye shi me masu jira za su riƙa ji, shi kuwa hankalinsa na kan ciniki, ya ce a bar duk abin da ya zo da na'urar. Ashe abin da ke ciki kiɗan Turawa ne da muryar wata mata tana zuba Ingilishi. Ana farkon damina saniyar wani makiyayi, tsohon abokin cinikinsa, ta ci ɗanyen tsiro, cikinta ya kumbura tim. Bawan Allah ya hau tudu neman sabis, ya kira, sai ya ji kiɗa. Ya ɗauka ya yi kuskuren lamba, ya kashe, ya sake kira, kiɗan dai. Kafin ya sauko daga tudun, sai wuƙa aka sa wa saniyar. Ranar kasuwa ya zo ya wuce ta gaban shagon, ko kallo bai yi ba.

Abin ya yi wa mai magani ciwo, don da ya bi sawu ya ji dalili, kunya ta kama shi. Ya kira lambar shagonsa da kansa, ya saurari abin da yake tarbar mutane da shi, ya ce wallahi ba zai sake ba. Ya sa aka cire kiɗan, ya ɗauki muryarsa: sallama, sunan shago, sannan "Kada ka kashe, ga ni nan zuwa. In dabba ce a kwance, danna ɗaya." Ya faɗa da Hausa, ya nemi wani dattijo ya koya masa faɗa da Fulatanci, ana ta yi masa dariyar karyayyen harshe, bai fasa ba. Mai haɗawa ya so a cusa tallar kaya, ya ƙi, ya ce mai saniya a kwance ba talla ya zo ji ba. Har daji ya shiga a babur, inda sabis ke yankewa, don ya tabbatar ana jin maganar sarai. Makiyayin nan dai bai dawo ba sai da wata damina ta zagayo, karsanarsa ta kwanta, ya rasa wanda zai kira. Ya danna tsohuwar lambar yana ɗari-ɗari, sai ya ji an yi masa sallama da muryar da ya sani, da harshen uwarsa. Ya tsaya, ya danna ɗaya, aka ɗauka, aka gaya masa abin da zai yi. Karsana ta tashi.

To, kai ma na'urar ka saya mai tsada in ka ga dama, amma kada ka bar baƙonka a ƙofa ba wanda ya amsa masa sallama. Hausawa sun riga sun faɗa: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.