Zanen Kumatun Maman

Muttaka ya ajiye makullin a gaban Mujahida yana wani hura hanci, sai ka ce Makkar gaba ɗaya ya sayo mata. Saura wata guda bikinsu, ga shi ya kama musu gida a Awali, nesa da lungunan Mansur inda aka haife su.

"Unguwar manya ce," ya ce da Hausarsa mai tsamin Larabci. "Babu baƙar fata ko ɗaya a benen. Da sunan Rakan suka san ni a can, ke ma haka za ki riƙa kirana."

Ta dube shi a wulaƙance. Daga kicin ana jiyo mahaifiyarta tana dakan yaji.

Ya saci kallon ƙofa, ya rage murya. "Sai abu ɗaya. In Maman za ta zo mana, ta riƙa sa nikabi. Kin san zanen nan na kumatunta. Maƙwabta na gani za su ce mu Takari ne."

Matar da ya girma yana lasar kwanon tuwonta! Mujahida ta sa yatsa ɗaya ta tura masa makullin, kamar mai ture mataccen kyankyaso.

"Habibti, ki fahimce ni mana."

"Na fahimce ka sarai, Muttaka." Da gangan ta ja sunan, tana ƙare masa kallo daga sama har ƙasa. "Je ka nemi wadda ba ta da uwa. Amma kafin ka fita, gaya mini: ita nikabi zai rufa mata asiri. Kai taka fuskar fa, da me za ka rufe ta?"